Lokacin da Albasa Ta Gagari Mutanen Landan

Shekarata ta farko a arewacin Ingila na yi asarar tumatir ashirin da huɗu a dare ɗaya. Tun watan Maris nake rainon su a bakin taga cikin robobin yogot, sun yi kore shar. Da Afrilu ya kai tsakiya aka jera kwana huɗu ana rana mai daɗi, har na ajiye rigar sanyi, sai na kwashe su na kai ɗan filin lambun da muke rabawa da wasu ɗalibai na dasa. Daren nan sama ta yi tas, ba gajimare ba iska. Da safe na tarar sun kwanta sun yi baƙi kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Wani dattijo da filinsa ke maƙwabtaka da namu ya leƙo ya duba, bai ce komai ba sai tambayata da ya yi wane wata muke ciki. Bayan mako guda ya kawo mini kwafin wata tsohuwar ƙasida da gwamnati ta buga lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya ce da ita mahaifinsa ya koyi lambu.

Abin ya ɗan yi mini ciwo, don digirina na farko a kimiyyar tsirrai ne. Amma da na zauna na karanta ƙasidar sai na ga ai ba ni na fara wannan wauta ba. Mutane da yawa sun yi ta a 1940, kuma su ba don nishaɗi suke lambun ba, abin da za su ci ne.

Tsibirin da ba ya ciyar da kansa

A 1939 kusan kashi biyu cikin uku na abincin Birtaniya ta teku yake shigowa, sama da tan miliyan 20 a shekara. Alkama daga Kanada, nama daga Ajantina, man shanu daga Niyu Zilan. Ranar 3 ga Satumba aka shelanta yaƙi da Jamus, kuma a ranar ce wani jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya harbi jirgin fasinja Athenia, ya nutse washegari. Gwamnati ba ta buƙaci a yi mata bayani ba, don a 1917 irin waɗannan jirage sun kusa jefa ƙasar cikin yunwa.

Lissafin mai sauƙi ne. Kabeji fiye da kashi 90 cikin ɗari nasa ruwa ne, haka tumatir, albasa ma ba ta yi nisa da haka ba. Duk jirgin da ya ɗauko kayan gwari, ruwa ya ɗauko a wurin da ya kamata a zuba alkama ko harsashi, kuma matuƙansa sun sa ransu a kai. Don haka a watan Oktoba na 1939 ministan gona, Reginald Dorman-Smith, ya yi jawabi a rediyo yana neman a buɗe ƙarin filayen lambu rabin miliyan. Sunan da aka fara ba shirin bai kama bakin mutane ba. Wanda ya kama shi ne wanda jaridar Evening Standard ta yi amfani da shi, Dig for Victory, wato a yi haƙa don a ci nasara.

Filin lambun haya ba sabon abu ba ne a can. Tun 1908 doka ta ɗora wa ƙananan hukumomi samar wa mazauna yankinsu ɗan fili in sun nema, kan kuɗin haya kaɗan. Girmansa na al'ada ƙafa 90 ne a tsawo, 30 a faɗi, kimanin murabba'in mita 250. Ka ɗauka ya ɗan ɗara rabin fulotin nan namu na hamsin da ɗari. Filaye irin wannan kusan 815,000 ne a 1939, zuwa 1943 sun kai kusan miliyan 1.4. An kafta filayen ƙwallo, da gefen layin dogo, da wuraren shaƙatawa irin su Kensington Gardens, har da busasshiyar ganuwar da ta kewaye Hasumiyar Landan. Daga baya kangayen gidajen da bam ya rushe ma an shuka su.

To fili dai an samu. Matsalar ita ce wanda aka ba shi: akawun banki, direban bas, matar aure da mijinta ya tafi fagen daga, mutanen da kakanninsu suka bar ƙauye tun zamanin da aka kafa masana'antu. Riƙe shebur ba wuya. Sanin lokaci shi ne aikin.

Dalilin da ya sa wata yake da muhimmanci haka

Zan riƙa kiran lokacin sanyinsu hunturu, ko da yake ba ɗaya yake da namu ba. Namu busasshe ne mai rana, nasu jiƙaƙƙe ne mai duhu. A wurinmu ruwa ke yanke wa manomi lokaci: ya sauka a yi shuka, ya ɗauke a koma fadama. A can ruwa na nan kusan kullum. Abu biyu ne ke mulki, zafi da haske.

Mafi yawan ganyayen ƙasar sanyi ba sa wani girman kirki in zafi ya yi ƙasa da digiri 5 ko 6 a ma'aunin Salshiyas. Irin da aka zuba a ƙasa mai sanyi da laima ba mutuwa yake yi nan take ba, zama yake yi yana shan ruwa, sinadaran da za su farkar da shi suna aiki a hankali, har ruɓa ta riga tsiro. Karas da fis suna son ƙasa ta kai wajen digiri 7, wake mai yaɗo kuwa sai ta haura 10. Sannan haske. A Landan rana kan yi sama da awa 16 da rabi a ƙarshen Yuni, duk wanda ya yi azumi a can a irin wannan lokaci ba ya buƙatar a tuna masa. A ƙarshen Disamba kuma ba ta cika awa 8 ba. A Kano bambancin rana mafi tsawo da mafi gajarta a shekara bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu tsiro a Ingila tsaye kawai yake, ba ya ƙaruwa. Abin da bai girma kafin nan ba, ba zai girma ba.

Sai babban maƙiyi, wanda ya kashe mini tumatir. A daren da sama ta yi tas kuma iska ta kwanta, zafin da ƙasa ta sha da rana yana tserewa sama ba abin da zai mayar da shi, irin yadda asubahin hunturu a gida kan fi sanyi in babu hazo. Fuskar ganye na iya sauka ƙasa da sifili ko da iskar da ke daidai ƙirjinka tana digiri 2 ko 3. Ƙanƙara ta fara haɗuwa a tsakanin ƙwayoyin halittar ganyen, ta riƙa zuƙe ruwan da ke cikinsu, fatar ƙwayoyin ta lalace. Da rana ta fito sai komai ya zube. Tumatir da dankalin Turawa asalinsu yankin tsaunukan Kudancin Amurka ne, kabewa da wake mai yaɗo daga wajen Meziko, ba su da makamin wannan yaƙi. Dangin kabeji kuwa in sanyi ya shigo sannu a hankali sukan tara sukari a ƙwayoyinsu su kuma sauya tsarin fatar ƙwayoyin, shi ya sa Turawa ke cewa wasu ganyayen sun fi zaƙi bayan sanyi ya buge su. Gaskiya suka faɗa.

A kudancin Ingila irin wannan dare na iya zuwa har tsakiyar Mayu, a arewa da Sikotilan har farkon Yuni, ya kuma dawo a Oktoba. Wato tsiro mai laushi wata huɗu zuwa biyar kawai gare shi a waje. Ga wani ƙarin tashin hankali: da aka fara yaƙi an hana watsa hasashen yanayi ga jama'a, don kada jiragen saman Jamus su amfana, kuma ba a dawo da shi ba sai da yaƙin Turai ya ƙare a 1945. Sabon mai lambu ba wanda zai gaya masa yau da dare za a yi ƙanƙara. Sai dai ya fita ya kalli sama, in ya ga taurari ya nemo tsofaffin jaridu ya lulluɓe dankalinsa.

Hunturun farko ma bai yi musu sauƙi ba. Janairun 1940 shi ne wata mafi sanyi da aka gani tun 1895, wani sashe na kogin Thames ya daskare. Mutanen da aka ce su yi haƙa suka tarar da ƙasa kamar kankare. A ranar 8 ga watan ne kuma aka fara rabon abinci da kati, aka soma da naman alade da man shanu da sukari.

Giɓin yunwa

Kuskuren sabon shiga a wancan zamani iri ɗaya ne da na yau. Rana ta fito a Afrilu, ya zazzage duk fakitin irin da ya saya a mako guda. A Yuli da Agusta latas ya yi masa yawa har yana roƙon maƙwabta su karɓa, wake ya tsufa a jikin karan. Zuwa Fabrairu filin ya zama fako, ba ko ganye ɗaya.

Ƙasidar da dattijon nan ya ba ni ita ce ta ɗaya a jerin ƙasidu 26 da Ma'aikatar Gona ta fitar, kuma kanunta kansa gargaɗi ne cewa a yi shuka don hunturu, ba don watannin zafi kawai ba. A ganina wannan ne darasi mafi nauyi a duk shirin. Turawan Ingila suna da abin da suke kira giɓin yunwa, daga wajen Afrilu zuwa farkon Yuni. Ajiyar bara ta ƙare ko ta fara tsiro, kabejin hunturu ya fitar da fure, shukar bana kuma ba ta kai ba. Duk ɗan ƙauye a ƙasar Hausa ya san irinsa, a Yuli da Agusta, lokacin da gona ta yi kore shar amma rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba. Abin mamaki a duka biyun shi ne yunwar tana zuwa ne daidai lokacin da duniya ta fi kyan gani.

Hanyar toshe giɓin ta saɓa wa hankalin sabon shiga, don dole ka yi tunanin watanni goma gaba. Akwai wata 'yar'uwar albasa da suke kira lik, ba ta yin kai, doguwar fara ce mai kauri. A Maris ko Afrilu ake zuba irinta, a dasa ta a Yuni ko Yuli, ta tsaya cikin dusar ƙanƙara ana cira ana miya har Afrilun baɗi. Ƙananan kabejin nan masu fitowa a jikin kara, 'yan Burasal, ana zuba su a Maris ko Afrilu, a ci daga Oktoba zuwa Fabrairu. Wani nau'in burokoli mai ruwan hoda-shuɗi ana zuba shi a Afrilu ko Mayu, ba za ka ɗanɗana shi ba sai Maris na shekara mai zuwa, kusan wata goma sha ɗaya yana tare maka wuri. Kabejin da ake ci a Afrilu da Mayu kuwa a ƙarshen Yuli ko Agusta ake zuba shi, a dasa a Satumba ko Oktoba.

Wannan na ƙarshen akwai kimiyya mai daɗi a cikinsa. Kabeji da karas da albasa tsirrai ne masu rayuwar shekara biyu: shekarar farko su tara abinci, ta biyu su yi fure su ba da iri. Abin da ke shaida musu an shiga shekara ta biyu shi ne makonnin sanyi. Amma sai tsiron ya kai wani girma kafin ya iya "jin" sanyin ta wannan fuska. In ka yi gaggawar zuba kabejin a farkon Yuli, zai shiga hunturu da girma, ya ƙirga sanyin, da rana ta fito ya miƙe ya yi fure maimakon ya naɗe kai. In ka makara, zai shiga hunturu yana jariri, ya mutu. Tazarar da ke tsakani makonni biyu zuwa uku ce. Ka ga abin da ya sa kwanan wata ya zama komai.

Shekarar mai lambu yadda aka koyar da ita

Shekarar ba ta farawa da shuka, da haƙa take farawa, a Oktoba da Nuwamba kafin ƙasa ta jiƙe sharkaf. An ce a juya ƙasa a bar ta curi-curi, kada a farfasa. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, don haka daskarewa da narkewa na wata uku za su ruguza curin laka fiye da yadda manjagara za ta iya. Sabon fili kuma an ce a haƙa shi zurfin shebur biyu. Aikin karya ƙugu ne, kuma a nan ina da ja. Tun a 1946 wani gogaggen mai lambu, F. C. King, ya fitar da ɗan littafi yana tambayar ko haƙan ma dole ne, kuma yau mun san yawan juya ƙasa na lalata hanyoyin tana da zaren funfunar da ke taimakon saiwa, yana kuma tono irin ciyawa. Sai dai in an yi adalci, filin ƙwallon da aka shekara talatin ana tattakawa ba ya zama lambu ba tare da an buɗe shi sau ɗaya ba.

Disamba da Janairu na zaman ɗaki ne: a zana taswirar fili, a yi odar iri da wuri don yana ƙaranci, a gyara kayan aiki. A Fabrairu a jera dankalin iri a wuri mai haske marar ƙanƙara, ya fitar da gajerun tsiro masu kauri, wanda ke rage masa kwanaki in ya shiga ƙasa. Al'ada ta ce a binne shi ranar Juma'ar da ke gaban Ista, ranar da ke yawo tsakanin ƙarshen Maris da ƙarshen Afrilu, wato dalilinta hutun ma'aikata ne, ba zafin ƙasa ba. Da ya tsiro a yi masa huɗa, a riƙa jawo ƙasa jikinsa. Huɗar na kare sabon ganye daga sanyin dare, tana kuma hana haske taɓa 'ya'yan, don dankalin da ya yi kore yana tara guba mai suna solanin.

Abin da aka rena a ɗaki ba a fitar da shi kai tsaye. Mako ɗaya zuwa biyu ana fitar da shi da rana a mayar da dare, har fatar ganyen ta yi kauri ta saba da iska. Tumatir da kabewa da wake mai yaɗo sai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Da na san wannan layi ɗaya da ban yi asara ba.

Yuni da Yuli na fartanya ne da cire ciyawa, da rage tsiron da ya cushe, da zuba latas kaɗan-kaɗan duk bayan mako biyu maimakon gaba ɗaya. A farkon Yuli a fesa wa dankali ruwan Bodo, haɗin sinadarin tagulla da farar ƙasa da aka gano a gonakin inabin Faransa a shekarun 1880, don tare cutar nan da ta jefa Ayalan cikin yunwa daga 1845. Mutane na kiranta funfuna, amma Phytophthora infestans ba funfuna ba ce ta gaskiya, ta fi kusa da wasu gansakukan teku. Wannan gyara ne irin namu na 'yan ɗakin gwaji, dankalin dai ruɓewa yake yi ko yaya ka kira ta.

Satumba da Oktoba na ajiya ne, a zamanin da gidaje kaɗan ne ke da firji. Albasa a busar a kitsa ta a rataye. Karas a binne shi cikin yashi a akwati. Wake a jera shi da gishiri a tulu. Dankali mai yawa kuma a yi masa rumbun ƙasa: a shimfiɗa tattakar alkama, a tsiba dankalin, a lulluɓe da wata tattakar, a bi da ƙasa mai kauri, a bar ɗan tuntun tattaka a sama ya zama hanyar numfashi. Dankali rayayye ne, yana shaƙar iska yana fitar da zafi da laima. In ka toshe shi ya ruɓe, in sanyi ya kai gare shi ya daskare ya zama ruwa.

An kuma raba filin gida uku ana juyawa duk shekara: dankali da masu saiwa a ɗaya, wake da fis da albasa a ɗaya, dangin kabeji a ɗaya. Kabeji ya bi bayan wake don ya ci gajiyar naitirojin da ƙwayoyin bakteriya na saiwar wake suka bari, dabarar da manominmu mai haɗa gero da wake ya daɗe da sani. Juyin kuma na rage cututtukan da ke zama a ƙasa, ko da yake an ɗan zuzuta shi. Cutar da ke kumbura saiwar kabeji na iya kwanciya a ƙasa kusan shekara ashirin, juyin shekara uku ba ya kawar da ita. Farar ƙasar da aka ce a barbaɗa don rage tsamin ƙasa ita ta fi yin aikin.

Taki ma sai da aka yi dabara. Motoci sun riga sun rage dawakan birni, fotash kuma daga Jamus da Faransa yake zuwa. Sai aka koma koya wa mutane tara ɓawon kayan miya da ganyaye su ruɓe, da adana tokar itace. A 1942 aka fito da takin zamani na bai-ɗaya mai suna National Growmore, 7-7-7, ƙanen 15-15-15 ɗin da muka sani. Har yau ana sayar da shi.

Wanda ya fi kowa isar da duk wannan ba minista ba ne. C. H. Middleton ne, ɗan wani shugaban masu lambu a Northamptonshire, wanda ke da shiri a BBC kowace Lahadi da rana, masu sauraro kusan miliyan uku da rabi. Yana magana a hankali kamar maƙwabcin da ya jingina da shinge, ya gaya maka aikin wannan mako kawai. Ma'aikatar kanta sai a 1945 ta fara fitar da jagora na wata-wata, Janairu zuwa Disamba, yaƙi na dab da ƙarewa. A ra'ayina da shi ya kamata a fara tun 1940.

Albasa

Kafin yaƙi kusan duk albasar Birtaniya daga waje take: Sifen, Holan, Masar, yankin Biritani na Faransa, da tsibiran da ke mashigin ruwan Ingila. Faransa ta faɗi a Yunin 1940, a ƙarshen watan Jamus ta mamaye tsibiran, Bahar Rum ta zama fagen daga. Albasa ta ɓace. Zuwa farkon 1941 ana ba da ƙwaya ɗaya a matsayin kyautar gasa, ana kai ta tsaraba gidan da aka gayyace ka cin abinci. Ka yi tunanin shekara guda ba albasa a miya.

Kowa ya koma shuka ta, da yawa kuma suka sha kaye, don albasa ba kwanan wata take karantawa ba, tsawon rana take aunawa. Nau'in Ingila ba ya fara yin kai sai rana ta kai awa 14 zuwa 16. Duk ganyen da ta fitar kafin nan shi zai zama ɓawo ɗaya na kan, saboda haka wanda ya makara da shuka zai ciro 'yan ƙanana kamar goro. Wanda ya yi gaggawa kuma sanyi ya ruɗe ta ta yi fure. Albasar Aliero ko ta Galmi awa 12 ta ishe ta. Na san ɗalibai da ke zuwa da iri daga gida don kewar ɗanɗano. In ka zuba shi a Ingila a Afrilu, rana ta riga ta wuce awa 12, zai fara kai yana da ganye biyu ko uku, ya tsaya nan. Ta Ingila kuma in ka kai ta Kano ganye za ta yi ta yi, ba za ta taɓa ganin ranar da take jira ba.

Shin lambun ne ya ciyar da su?

A nan ya kamata a yi hattara, don hotunan zamanin sun fi gaskiyar daɗi. Abincin da ake shigowa da shi ya ragu da kusan rabi kafin ƙarshen yaƙi, amma yawancin wannan aikin manyan gonaki ne. An kafta miliyoyin kadada na makiyaya, ƙasar da ake noman dankali ta kusa ninkawa, mata kusan 80,000 suna aikin gona a rundunar mata ta ƙasa a 1943. Mai da kitse kuma har lokacin daga waje suke. Bayan Japan ta kame kudu maso gabashin Asiya a 1942, gyaɗar Kano da manjan kudancin Najeriya sun zama abin da Birtaniya ta dogara da shi, kan farashin da ita ta yanka wa manomi. A shekarun ne kuma gwamnatin mulkin mallaka ta matsa a faɗaɗa noman dankalin Turawa a tsaunin Jos don ciyar da sojoji. Fostocin Landan ba su nuna wannan ba.

Gudummawar lambu ta wani fanni ce. A ƙarshen 1939 masana abinci biyu na Kambirij, Elsie Widdowson da Robert McCance, sun gwada a jikinsu da na abokan aikinsu ko mutum zai rayu kan abin da tsibirin zai iya samarwa: ƙwai ɗaya a mako, nama da madara 'yan kaɗan, amma dankali da burodi da ganye iya cikinka. Suka yi watanni a haka, har da hawan tsaunukan yankin tafkuna cikin sanyin Janairun 1940. Lafiyarsu ƙalau, in ban da yawan iskar ciki, da ƙarancin sinadarin kalsiyam wanda ya sa daga baya aka riƙa zuba alli a fulawa. Wato tsarin na tsayawa ne in akwai ganye. Da lemo ya ɓace, kabeji da dankali su ne tushen bitamin C, musamman a watannin nan na giɓi. Kayan lambu ba su taɓa shiga katin rabo ba duk tsawon yaƙin. Labarin da aka yaɗa cewa karas ne ke sa matuƙan jiragen yaƙi gani da dare kuwa, karas ɗin ne ya yi yawa a kasuwa, kuma labarin ya taimaka wajen rufa asirin na'urar rada da aka saka a jiragen.

Wahalar ma ba ta ƙare da yaƙin ba. An fara rabon burodi da kati a Yulin 1946, abin da ba a yi ba ko a tsakiyar yaƙi. Hunturun farkon 1947 ya daskarar da dankali a cikin rumbunan ƙasa, kuma a Nuwamban shekarar shi ma aka taƙaita sayensa. Sai a 1954 aka daina rabo gaba ɗaya. Daga nan filayen suka yi ta komawa gidaje da wuraren ajiye motoci, zuwa shekarun 1990 kusan 300,000 suka rage a Ingila. Yanzu kuma a wasu unguwannin Landan sai mutum ya shekara da shekaru a layi kafin ya samu.

Lokacin girman tsiro a tsakiyar Ingila ya ƙaru da kusan wata guda in an kwatanta da tsakiyar ƙarnin da ya wuce, amma daren ƙanƙara na Mayu bai daina zuwa ba, sai ma ya tarar da tsiron ya riga ya fito. Bara sai 2 ga Yuni na fitar da tumatir, na samu abin da ya ishe ni miya har Satumba. Yanzu da nake wannan rubutu Fabrairu ne. Lik ɗin da na dasa a Yuli saura layi ɗaya da rabi, dattijon ya ce in na riƙa cirar uku a mako zai kai ni Afrilu. Dankalin iri kuma yana bakin taga cikin kwalin ƙwai, ya fara fitar da ido.